Yaron da aka ce ba ya jin magana: nazarin wani lamari a gidan rainon yara

Yadda abubuwa suke kafin matsalar

Yaron yana da shekara 3 da wata 2 lokacin da iyayensa suka kai shi gidan raino. An sa shi a ɗakin 'yan shekara uku, inda akwai yara 18 da masu raino biyu. Babbar malamar ɗakin ta shekara 11 tana wannan aiki, mace ce mai kuzari da murya, wadda iyaye ke yabo saboda ɗakinta ba ya hargitsewa. Mataimakiyarta kuwa sabuwar hannu ce, ko shekara ba ta cika ba. Ɗakin babba ne, ƙasansa tayil, bangonsa ba labule, ga rediyo da ake kunna waƙoƙin yara a kai kusan duk yini.

A takardar shiga an tambayi ko yaron yana da matsalar ji. Mahaifiyarsa ta rubuta a'a, domin an gwada shi yana jariri an ce lafiya lau. Ta ƙara da cewa ba shi da surutu amma yana gane komai, sai dai mura ba ta barinsa. Maganarsa a lokacin ba ta wuce kalma biyu a haɗe ba, kuma yakan haɗiye ƙarshen kalmomi. Yawancin yara a wannan shekaru sun fara jera kalma uku ko fiye, har baƙo ma yakan fahimci akasarin abin da suke faɗa. Babu wanda ya tsaya a kan wannan gibi a ranar.

Makonni shida na farko sun wuce ba wani ƙorafi. A littafin ɗaki an rubuta cewa yaro ne mai haƙuri, mai bin 'yan'uwansa. Idan aka ce a tashi, sai sauran sun tashi ya tashi. Idan aka ce a wanke hannu, shi ne na ƙarshe a layi.

Lissafin makonnin da ke ƙasa ya fara ne daga ranar da ya yi cizon farko.

Mako na 1 zuwa na 5: cizo, da abin da aka fara gwadawa

Yana zaune a lungu ya ba ɗaki baya, yana jera tubalan wasa. Babbar malama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce lokacin wasa ya ƙare, kowa ya tattara. Wata yarinya ta zo ta ɗauki tubali daga saman ginin da yake yi don ta mayar cikin kwando. Ya kama hannunta ya gartsa mata cizo, har shaidar haƙora ta fito. A wannan makon ya sake cizon wani yaro sau ɗaya. A mako na 3 an ƙirga cizo da ture-ture sau 5, a mako na 5 sau 6.

Abin da aka fara yi shi ne faɗa da bayani. Malama takan tsaya a kansa ta ce: "Me na gaya maka jiya? Ba na ce haƙori na cin abinci ne ba? Ka ga yadda take kuka? Kai za ka so a yi maka haka? Maza ba ta haƙuri." Yakan ɗaga kai ya zuba wa bakinta ido, bai ce uffan ba, wani lokaci ma ya yi ɗan murmushi. An rubuta wannan murmushi a littafi da sunan raini.

Daga mako na 2 aka kawo kujerar natsuwa, inda yake zama minti 3 bayan kowane laifi. Yana zama ba gardama, yana tashi kuma ba abin da ya canza. A mako na 3 aka manna masa takardar taurari a bango, da alkawarin tauraro ɗaya duk yinin da bai taɓa kowa ba. An yi masa bayanin tsarin da baki, sau ɗaya, yara na hayaniya. Cikin kwana goma taurari biyu ya samu, kuma bai taɓa zuwa ya duba takardar da kansa ba. A mako na 5 aka fara raba shi da sauran yara lokacin wasan tubali, sai cizon ya koma wajen layin wanke hannu.

A mako na 4 babbar malama ta yi wa mahaifiyarsa magana. A bakin ƙofa aka yi ta, lokacin tashi, malama na tsaye ta harɗe hannuwa a ƙirji, wasu iyaye biyu na jiran 'ya'yansu a gefe. Ta ce: "Gaskiya yaron nan ba ya jin magana. Kunnen ƙashi gare shi, sai kun taya mu a gida." Uwar ta ce: "To, Malama, a gida dai ba ya cizon kowa." Ta ja hannun ɗanta suka tafi. Daga ranar ta daina tsayawa gaisawa, mahaifin ne ya koma ɗauko shi, shi ma daga bakin ƙofa yake miƙo hannu.

Mako na 6 da na 7: an daina magani, an koma kallo

Iyayen yara biyu da aka ciza suka kai ƙara wurin shugabar gidan rainon, ɗaya har ya nemi a sallami yaron. Shugabar ta ce kada a ƙara wata sabuwar dabara tsawon mako biyu. Ta ba masu rainon takarda mai gida uku: me ke faruwa daf da abin, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Wannan tsohuwar hanya ce a nazarin ɗabi'a. Tun 1985 Edward Carr da Mark Durand suka nuna a Amurka cewa abin da ake kira mugun hali wajen yaran da magana ke yi wa wuya yana iya zama saƙo, kuma idan aka koya wa yaro wata hanyar isar da wannan saƙon, halin yakan ragu.

Cikin mako biyun an rubuta aukuwa 11. Tara daga ciki sun faru ne a daidai lokacin sauya aiki, wato daga wasa zuwa tattarawa, ko daga waje zuwa ciki. A takwas daga ciki yaron ya ba mai magana baya ko yana nesa da ita. Ko sau ɗaya bai yi cizo ba lokacin karatun labari, inda yake zama a gaba yana fuskantar malama.

Da izinin iyayen ɗakin, shugabar ta ɗauki bidiyon minti goma na lokacin tattara kayan wasa, suka zauna su uku suka kalla bayan an tashi. A cikin minti goman babbar malama ta ba da umarni 14, duk a tsaye, yawancinsu tana tafiya ko ta juya tana ɗaukar wani abu. Ta yi wa yaron tambaya sau huɗu, kuma kowane karo kafin ya motsa baki ta amsa wa kanta ko ta wuce ga wani yaro. Akwai wurin da ta ce masa "kada ka kuskura" alhali fuskarta na ɗauke da murmushin da take yi wa wata yarinya da ta kawo mata zane. Yaron ya dubi fuskar, ya mayar mata da murmushi, ya ci gaba da abin da yake yi.

Sai da aka mayar da bidiyon baya sau biyu kafin mataimakiyar ta yi magana. Ta ce ita dai bai taɓa ƙin yi mata abu ba. Da aka bi diddigi, sai aka ga ita ce ke ɗaura wa yara igiyar takalmi da goge musu hanci, don haka kusan duk maganar da take yi masa a durƙushe take yinta, fuska da fuska, ba ta fi taku ɗaya tsakaninsu ba. A bidiyon ma an ga lokacin da ta ce masa "kawo kwando" tana nuna kwandon da hannu. Ya kalli bakinta, ya kalli hannunta, ya je ya ɗauko.

Shugabar ta kira iyayen washegari. A ofis aka zauna wannan karon, an rufe ƙofa, kowa a kan kujera. Ta fara da ba su haƙuri kan maganar bakin ƙofa, sannan ta nuna musu wannan ɗan guntun na kwando, ta roƙe su su kai shi a duba kunnensa. Mahaifin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya lura yaron yana matsawa jikin talabijin sosai, ya ɗauka son kallo ne kawai.

Mako na 8: sakamakon asibiti

Gwaji ya nuna ruwa mai kauri ya taru a bayan dodon kunnensa duka biyu, jinsa ya ragu da kimanin desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Wannan lalura ce da ta yawaita ga ƙananan yara, musamman bayan mura, domin bututun da ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci gajere ne kuma a kwance yake a wannan shekaru, ba ya saurin zubar da ruwa. Sau da yawa ba ta zuwa da zafi ko zazzaɓi, shi ya sa take ɓuya. Ba ta kuma da alaƙa da gwajin jarirai, tunda daga baya take samuwa. Hira ta yau da kullum tana kaiwa wajen desibel 60, to wanda ya rasa 30 yana jin murya amma kamar ya toshe kunnuwa da yatsu. Yana jin ana magana, sai dai sautuka marasa ƙarfi irin su "s" da "f" da ƙarshen kalmomi suna ɓace masa, balle a ɗaki mai hayaniya. Jin kuma yana hawa da sauka daga rana zuwa rana, abin da ke sa manya su ce ai jiya ya ji, yau ne ya ga dama ya ƙi.

Likita ya ce a jira wata uku a sake gwadawa, domin akasari ruwan yakan janye da kansa a wannan tsakani. Idan bai janye ba ne ake duba yiwuwar sa ɗan siririn bututu a dodon kunne ko ba da na'urar ƙara ji.

Da labari ya iso gidan rainon, babbar malama ta yi kuka. Bayan haka ta ce tunda abin na likita ne, sai a lallaɓa a jira. Shugabar ta ce wata uku ya yi yawa a bar yaro cikin ɗakin da ba ya gane abin da ke faruwa, kuma yaran da ake cizo ba za su jira ba.

Mako na 9 zuwa na 14: abin da manya suka canza

Doka ta farko ita ce ba a yi masa magana daga nesa ko ta baya. Mai raino za ta zagayo ta gabansa, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasa, ta kira sunansa, ta jira ya ɗago, sannan ta faɗi abu guda a taƙaice tana riƙe da abin ko tana nuna shi. Maimakon jawabin nan mai tambaya huɗu, sai "Cizo, a'a. Da zafi." da fuskar da ta dace da maganar. An tsaya sosai a kan batun fuska. A wani gwaji da James Sorce da abokan aikinsa suka wallafa a 1985, an ɗora 'yan shekara ɗaya a kan teburin gilashi mai kama da rami a tsakiya, uwa na tsaye a ɗaya gefen. Inda uwa ta nuna tsoro a fuska babu yaron da ya tsallaka, inda ta nuna fara'a kuwa yawancinsu sun tsallaka. Yaro mai cikakken ji ma fuska yake dubawa idan ya shiga ruɗu, ina ga wanda rabin kalmomin ba sa isa gare shi.

Abu na biyu shi ne jira, kuma shi ya fi ba babbar malama wahala. Mary Budd Rowe ta auna wannan a azuzuwan Amurka, ta bayyana a 1972 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara. An nemi masu rainon su ƙirga har goma a zuci bayan duk tambaya ko umarni. Malamar ta ce a kwanakin farko ji take kamar ɗakin zai kife kafin ta kai biyar. Ranar Laraba ta mako na 10 ta durƙusa gabansa da kofi biyu, ja da shuɗi, ta ce "Wanne?" Ta yi shiru. Ya dubi kofunan, ya dubi bakinta kamar yana jiran ta ƙarasa masa kamar kullum. Ta kai bakwai a ƙirgenta, leɓenta a rufe, girarta a ɗage. Sai ya miƙa yatsa ya ce "ja". Ta ce "Jan kofi. Ga jan kofi." Wannan ce kalma ta farko da ya taɓa ba ta amsa da ita.

An koya wa ɗakin gaba ɗaya, ba shi kaɗai ba, alamun hannu biyar da ake yi tare da furta kalmar: tsaya, nawa ne, ƙara, taimaka, na gama. Haɗa alama da magana haka shi ne tushen tsarin Makaton da Margaret Walker da abokan aikinta suka ɓullo da shi a Ingila a shekarun 1970. Alamar "tsaya", wato ɗaga tafin hannu, ita ce ta fi amfani, domin ita ta maye gurbin haƙori. An kuma gaya wa sauran yaran cewa duk wanda aka ɗaga wa tafi ya dakata ya kira malama. Kafin kowane sauyin aiki, mataimakiya takan je ta ajiye masa ƙaramin agogon yashi na minti biyu a gabansa tare da hoton abin da ke tafe.

An kashe rediyon sai lokacin waƙa, an shimfiɗa darduma a lungun tubali, an ɗaure ƙyalle a ƙafafun kujeru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa kada ƙarar da ke bayan fage a aji ta wuce desibel 35 lokacin koyarwa. Ɗakin 'yan shekara uku ba zai yi tsit haka ba, amma an rage abin da za a iya ragewa.

Ba duk abin da aka gwada a wannan zango ne ya yi aiki ba. An fara da katunan hoto 20 a bango, yaron bai kula su ba, sai da aka rage zuwa biyar aka sauko da su daidai tsayinsa. Babbar malama ta ɗan koma ɗaga murya da wage baki, abin da ya ƙara rikita shi domin ihu yana sauya siffar leɓe da sautin kalma. Sau biyu aka kama haɓarsa ana cewa "kalle ni", duka biyun ya fizge ya ɓuya ƙarƙashin tebur, aka hana yin haka. Sa shi maimaita kalma har sai ya faɗe ta daidai ma ya sa ya yi gum na yini guda. Aka koma ga maimaita masa abin da ya faɗa a gyare tare da ƙarin kalma ɗaya: in ya ce "mota tafi", a ce "E, mota ta tafi waje."

A mako na 9 an rubuta aukuwa 4, a mako na 11 guda 2, a mako na 13 da na 14 babu ko ɗaya.

Mako na 15 da na 16: koma baya

Mataimakiyar ta tafi hutun mako biyu, aka kawo wata ta riƙe mata. An gaya mata da baki cewa akwai yaro mai matsalar kunne, ba a nuna mata alamun hannu ko agogon yashi ba. A kwana huɗu ya yi cizo sau biyu, ya ture yaro sau ɗaya. A ɗaya daga ciki an ga ya ɗaga tafin hannu har sau biyu, ba wanda ya kula, sannan ya yi cizon. Shugabar ta rubuta shafi ɗaya mai ɗauke da hotunan alamun da matakan yi masa magana, aka manna a bayan ƙofa, aka zauna da sabuwar ma'aikaciyar minti 20 tana gwadawa. Daga ranar Juma'a ta mako na 15 ba a sake samun cizo ba.

Mako na 21: inda aka tsaya

Gwaji na biyu ya nuna kunnen dama ya washe, na hagu da sauran ruwa, likita ya ce a ci gaba da sa ido. Yaron yana da shekara 3 da wata 8, yana jera kalma uku zuwa huɗu, amma har yanzu baƙo ba ya gane da yawa daga maganarsa, don haka an tura shi wurin ƙwararriya kan matsalolin magana. Da kansa ya daina yin alamar "ƙara" da "na gama" tunda bakinsa ya iya faɗarsu. Ta "tsaya" kuwa yana nan yana yi. Mahaifiyarsa ta dawo ɗaukarsa, takan tsaya su yi hira da malama.

Me ya yi aiki, kuma don me

Abu mafi sauƙi shi ne a ce kunne ne ya kawo matsala, warkewar kunne ta kawar da ita. Lissafin bai goyi bayan haka ba. Cizon ya ragu ne mako-mako daidai da yadda manya suka sauya, ya dawo a makon da aka samu wadda ba ta san tsarin ba, ya sake tsayawa da ta koya, kuma a mako na 21 ma kunne ɗaya bai gama washewa ba. Gwajin asibiti ya bayyana dalili, ya kuma sauke wa yaron sunan mai taurin kai, amma durƙusawa da jira da tafin hannu ne suka tsayar da haƙorin.

Dabarun farko huɗu sun faɗi ne saboda dalili guda. Faɗa da kujerar natsuwa da taurari duk sun dogara ga cewa yaron ya ji ƙa'ida, ya gane ta, ya zaɓi karya ta. Shi kuwa daga inda yake zaune, yana cikin gininsa ne kawai aka zo aka fizge masa tubali ba sanarwa, ba shi kuma da kalmar da zai kare kayansa da ita cikin sauri. Raba shi da yara ya sauya wa abin wuri ne kawai. Murmushin da aka kira raini kuwa ƙoƙarinsa ne na daidaita fuskarsa da ta babba ko ya samu a sassauta masa.

Ina ganin laifi ne a ɗora wannan a kan babbar malama ita kaɗai. Salon da ta shekara 11 tana yi yana tafiyar da yara 17 cikin 18, domin suna cike gibin da kunnuwansu. Abin da ya fi damuna shi ne alamun da suka bayyana tun makonni shida na farko, wato murar da ba ta ƙarewa, maganar da ba ta kai shekarunsa ba, da zama na ƙarshe a kowane layi, duk an gan su an rubuta su da sunan haƙuri. Sai da yaron ya cutar da wani aka waiwaye shi, sannan aka ƙara ɓata mako biyar ana hukunci. Maganar bakin ƙofa ma ta ci lokaci, domin mahaifin yana riƙe da labarin talabijin tun tuni, bai samu fuskar da zai faɗa ba sai da aka zaunar da shi.

Gidan rainon ya sauya takardar shiga. An cire tambayar ko yaro yana da matsalar ji, an sa uku a madadinta: ko yana yawan mura ko ciwon kunne, ko yana waiwayowa idan an kira shi ta baya, da kalma nawa yake haɗawa a magana. Alamun hannu biyar ɗin kuma yanzu ana koya wa duk sabuwar ma'aikaciya a ranarta ta farko, kafin ta shiga ɗakin yara.